Shekarun Baba Malam

Kakana Malam Abdulsalami, wanda mu jikoki muke kira Baba Malam, bai taɓa yi wa kowa ƙarya ba sai da ya haura casa'in, kuma a gabana ya soma. Duk Birnin Kudu an san shi. Alaramma ne, ya rubuta Alƙur'ani da ka ba sau ɗaya ba, kuma rabin limaman da ke tsakanin Surko da cikin gari a zaurensa suka wanke allo. Abin da ya fi tinƙaho da shi kuwa ba karatun ba ne, shekarunsa ne. Shi ɗan shekarar fara ne, wato shekarar nan ta zamanin Turawa da fara ta rufe sama ta cinye amfanin gona tas. In ka ja da shi a kan kome, ko da farashin gero ne, sai ya dube ka ta saman tabarau ya ce, "Kai, ni shekarar fara aka haife ni." Daga nan magana ta ƙare.

Bara da damina ya zame a wajen alwala, hannunsa na dama ya karye. Aka yi aka yi da shi ya je asibiti, ya ce shi ba bango ba ne da za a shafe shi da siminti. Sai aka ce a kai shi Zandam ta ƙasar Gwaram, wurin Dada Kubra mai ɗori, wadda har daga Bauci ake kawo mata karaya. Ni aka haɗa da rakiya, don a duk gidan ni kaɗai ce in ya yi faɗa nake ramawa. Sunana Ummussalma, amma shi Uwar Surutu yake ce mini, ni kuma ban taɓa musa masa ba.

Muka shiga mota zuwa Gwaram, daga can muka hau babur, yana ta faɗa da kowane rami. Dada 'yar ƙaramar tsohuwa ce, bakinta jawur da goro, amma in ta riƙe ka sai ka ji kamar ƙofa ce ta datse maka hannu. Ta zaunar da shi a tabarma, ta shafa hannun tun daga kafaɗa har yatsu.

"Malam, karanta abin da ka iya, zan ja," in ji ta.

Bai kai ƙarshen bisimilla ba ta fizga. Baba Malam, mutumin da ban taɓa jin ya ɗaga murya ba sai a kan almajiri mai barci, ya ƙwala ihu har kaji suka watse.

Dada ta ce, "To, kai Allah ka kira. Yawancinsu uwarsu suke kira."

Yana haki ya ce, "Ni ɗan fari ne. Ko na kira ba za ta amsa ba."

Ta yi dariya. Kowa ya san yadda iyayenmu na da suke kunyar ɗan fari: uwa ba ta kama sunansa, ba ta hira da shi, in ya shigo ta kau da kai, da an yaye shi kuma sai a miƙa wa kaka. Dada ta jera karan ɗori, tana naɗe tsumma tana tofi, sannan ta tambaye shi shekarunsa, don ta san tsawon lokacin da ƙashin zai ɗauka kafin ya kama.

Baba Malam ya gyara zaman rawaninsa da hannun hagu ya ce, "Saba'in da takwas."

Saura kaɗan in haɗiye goron da ke bakina. Mahaifina, babban ɗansa, yana da saba'in da biyu. Na buɗe baki, ya watso mini wani kallo, na rufe.

"Ashe yaro ne," in ji Dada. "Amma ƙashin ya riga ka tsufa."

Hannu ya warke sarai kafin a yanke gero, amma zuwa Zandam bai ƙare ba. Yau ya ce yatsa na yi masa tsami, jibi ya ce gwiwar hannu ce, har ranar da ya manta ya miƙa mata na hagu. Ta karɓa ta murza ba ta ce kome ba. Daga nan sai hira ta ɓarke, su yi ta zancen kuɗin ahu da sisi, da lokacin da ake zuwa Kano a ƙasa, da irin dawar da aka daina shukawa. Abu ɗaya ya ja mini kunne a kai: kada in kuskura in faɗa a Zandam cewa mahaifiyarsa 'yar garin ce.

"In suka ji, za a samu wani tsoho marar aikin yi ya zauna ya ƙirga mini shekaru," in ji shi.

Wata ranar Laraba bayan almajirai sun tashi ya kira ni zaure, ya yi ta juya carbi, sannan ya ce yana so in kai wa Dada goro da turare da turmin atamfa.

Na ce, "Na ɗorin ne? Ai an biya."

"Na neman aure ne, Uwar Surutu. Kada ki yi dariya."

Na yi, har da riƙe ciki. Da na tsagaita na ce, "To, me ya kai ka rage shekaru? Ita kanta fa 'yar shekarar fara ce, duk Zandam an sani. Sa'arka ce."

"Shi ya sa. Me za ta yi da tsoho irinta? Mace tana son mai sauran jini a jika."

Na dube shi, haƙoransa huɗu, na sake fashewa. Shi bai yi dariya ba. Ya ce tun da kakarmu Hajiya Muhsina ta rasu bai da wanda zai ce wa "kin tuna?" ta ce ta tuna. Gidan cike yake da mutane, kowa na durƙusa masa, kowa na neman addu'a, amma in ya soma ba da labari sai ya ga ana satar kallon waya. Ya ce ba ya son ya ƙare kwanansa yana magana da mutanen da ke jiran ya gama. Wallahi sai tausayinsa ya kama ni, na ji kunyar dariyar da na yi. Washegari na ɗauki kaya na nufi Zandam.

Dada ta shinshina turaren, ta duba bakin atamfar, ta ce, "Yaro ne a kaina, amma yana da hira. Ki ce masa a bari a gama shigar da amfanin gona, zan ba shi amsa."

Da wannan amsar ya rayu wata guda, har ƙiba ya yi. Sai ga ƙanena Nuru da tasa fitinar. Nuru shi ne sakataren wata ƙungiyar matasa ta Birnin Kudu da Gwaram, kuma irin mutanen nan ne da ba sa ganin abu a waya su bar shi a waya. Ya ci karo da jerin shahararrun mutanen duniya da aka haifa a 1930: wani ya taka duniyar wata, wani ɗan fim ne, wani marubuci, wani ya yi shugabancin ƙasa. Abin ya tsaya masa a rai. Ya tambayi wani malamin tarihi, aka ce masa shekarar fara kusan nan take. Shi ke nan Nuru ya ce mu ma muna da namu, sai an yi taro an karrama su. Ya bi gari gari yana bincike. Akwai wani makaɗi da wani direban da aka ce shi ya soma shigo da babbar mota yankin, amma duk sun riga mu gidan gaskiya. Masu rai uku ya samu, kowa da fanninsa: Baba Malam a karatu, Dada Kubra a ɗori, da Maikuɗi na Basirka a kokawa.

Shi Maikuɗi, a zamaninsa ba a taɓa kai bayansa ƙasa ba. Yanzu ya rankwafa, kunne ya tafi, amma murya tana nan yadda take. Sun san juna da Baba Malam tun suna samari, kuma duk tsawon shekarun nan Maikuɗi ne ke soma gaisuwa, don Baba Malam ya kafe shi aka haifa da saukar fara, Maikuɗi kuwa sai bayan ta tashi. Maikuɗi bai taɓa yarda ba, amma ba ya iya gardama da mai baki irin na malamai.

Nuru ya shigo zaure yana murna ya yi bayani. Baba Malam ya saurara har ƙarshe ya ce, "Ni ba na ciki."

"Baba Malam, ai kai ne kan gaba. Ba kai ne ɗan shekarar fara ba?"

"Wa ya gaya maka?"

"Kai. Kullum."

"To, an yi kuskure a lissafi. Saba'in da takwas gare ni."

Nuru ya dube ni, na dubi rufin zaure. Ya ce, "To, Baba fa? Kana da shekara shida ka haife shi?"

"Tashi ka ba ni wuri, marar kunya."

Da ƙyar na shawo kansa ya yarda zai je ya buɗe taro da addu'a kawai, a matsayin baƙo. Na san abin da ya kai shi: bai yarda Maikuɗi ya zauna kusa da Dada shi yana Birnin Kudu ba.

Ranar taro ya sha lalle a gemu, ya sa babbar riga mai aska, da muka isa Gwaram kuma ya bar sandarsa a mota da gangan. A filin wata makarantar firamare aka kafa rumfa, aka jera kujerun roba, a gaba kuma kujerun kushin guda uku. Dada ta hau ɗaya, ƙafarta ba ta kai ƙasa ba, kuma atamfarmu ce a jikinta. Maikuɗi ya cika ta biyu. Ta uku ta zauna ba kowa. Baba Malam ya yi addu'a ya koma kujerar roba a gefe, yana tafiya a miƙe kamar mai ɗauke da tulu a ka.

Labari ya riga ya kai kunnen Maikuɗi, duk da kurumtarsa. Ya leƙo ya ƙare wa Baba Malam kallo, fuskarsa ta cika da annuri.

"Samari," in ji shi, da muryar da ta kai bakin titi, "miƙo mini butar nan."

Na ga jijiyar wuyan Baba Malam ta tashi. Ya saci kallon Dada, ya sunkuya ya ɗauki buta ya kai.

"Allah ya yi maka albarka," in ji Maikuɗi. "In ka koma ka gai da babanka."

Bai bar shi haka ba. Da aka kawo zoɓo ya ce a ba yaron can ma ya jiƙa maƙoshi. Da rana ta karkato ya ce samari ya zo ya gyara masa kujera. Baba Malam ya yi ta haɗiyewa, ni kuma ina bayansa ina cizon mayafi. Haushi nake ji ana wulaƙanta mini kaka, dariya kuma tana neman kashe ni.

Nuru ya karanta sunayen mutanen duniya, aka yi tafi ba don an san su ba, sannan ya ce kowane ɗaya daga cikin namu ya faɗi abin da ya ji game da haihuwarsa. Dada ta ce ita ba ta da dogon labari, ranar da aka haife ta mahaifiyarta ta rasu, Allah ne ya raya ta da mutanen kirki. Sai aka miƙa wa Maikuɗi abin magana, wanda ko kusa ba ya bukata.

Ya ce fara daga gabas ta taso, ranar Juma'a, kuma a Basirka ta soma sauka, a bayan gidansu, daidai lokacin da ake yanke masa cibiya. Ya ce da akwai wani a Birnin Kudu da ya daɗe yana yi masa ƙaryar girma, amma yau gaskiya ta fito, ashe ɗan cikinsa ne. Don haka daga yau shi ne babba a ƙasar nan gaba ɗaya, mai neman tarihi ya zo Basirka. Ya numfasa ya ƙara da cewa tun da Allah ya haɗa shi da sa'arsa a rumfa ɗaya, shi ma gwauro ne, yana sanar da jama'a cewa zai aika gidan Dada.

Ban ga lokacin da Baba Malam ya tashi ba. Sai dai na gan shi a gaban rumfa, ba sanda, ya fizge abin magana daga hannun ɗan kokawa.

"Ƙarya kake, Maikuɗi. Ba a Basirka ta soma sauka ba, kuma ba Juma'a ba ce. Zandam ta sauka, ranar Laraba da hantsi, a gonar kakana Abu Sarkin Noma. A gidansa aka haife ni ranar, mahaifiyata ta je goyon ciki. Ranar sunana ko rago ba a samu ba, soyayyar fara aka raba wa malamai. Kakata ta wajen uba da ta riƙe ni ita ta gaya mini, ita kuwa ba ta ƙarya. Lokacin kai ko motsi ba ka soma yi a ciki ba."

Ya tsaya yana huci. Lasifika ta kai maganar har kasuwa. Sai a lokacin ya tuna da wadda ke zaune a kujerar kushin, ya juya a hankali. Jama'a suka kwashe da dariya, Nuru yana ta tafi shi kaɗai, wai an samu na uku.

Dada ba ta yi dariya ba. Ta zamo daga kujera ta tako har gabansa.

"Abu Sarkin Noma mai 'ya Zahara'u, wadda aka kai Birnin Kudu?"

"Ita ce mahaifiyata," in ji shi, murya ƙasa ƙasa.

Ta daɗe tana kallonsa, sannan ta faɗi wata magana a hankali. Maikuɗi ya kara hannu a kunne ya ce shi bai ji ba, a maimaita. Ta sake faɗa, ya ce har yanzu. Sai ta juya ta ɗaga murya yadda za ta ishe shi.

"Na ce nononta na sha. Da uwata ta rasu, gidan Sarkin Noma aka kai ni, don akwai mai jego."

Duk wanda ya taɓa zama a gaban malami ya san abin da wannan ke nufi. Waɗanda suka sha nono ɗaya 'yan'uwa ne, babu aure tsakaninsu har abada. Baba Malam da bakinsa ya karantar da wannan babin ga mutanen da ke zaune a rumfar nan. Na kama shi na kai shi barandar wani aji inda ba mutane, na aika a ɗauko sandar daga mota. Dada ta biyo mu ta zauna a dakali.

Can ya yi gyaran murya, ba tare da ya dube ta ba, ya ce, "A littafi dai, shaidar mace ɗaya ba ta isa ta hana aure ba."

Na ce, "Baba Malam, ka ji tsoron Allah."

"Ke, da ke nake? Ina faɗin abin da ke littafi ne. In gaskiya ne, me ya sa ban taɓa ji ba? Me ya sa ita ba ta gane ni ba, wata da watanni ina zuwa gidanta?"

Dada ta ce, "Wa zai gaya maka? Inna Zahara'u ce za ta zaunar da ɗan farinta ta yi masa zancen nono? Ni kuma ta ina zan gane ka? Ba ta taɓa kama sunanka ba. Abokin cinki, haka take ce mini. Na san dai almajiri ne a Birnin Kudu, sa'ana. Alarammomi nawa ne a Birnin Kudu? Kai kuma ka zo ka ce mini saba'in da takwas."

Ta gyara zama ta ci gaba. Ta ce duk sanda Inna Zahara'u ta zo Zandam biki ko gaisuwa, sai ta ja ta bayan rumbu, ta ba ta ƙuli-ƙuli, ta yi ta ba ta labarin abokin cinta. Abokin cinki ya yi haƙori. Abokin cinki ya shiga makaranta, an ce kansa na ja. A gidan miji ba ta da bakin yabonsa, a gaban iyayenta ma da kunya, sai ta tara ta kawo wa marainiyar da ta shayar.

Baba Malam ya girgiza kai. "Ba ita ba ce. Matar da ko ranar saukata ba ta leƙo ba. Na zauna a buzu ina karatu ina duba ƙofa, kowa ya zo ban da ita. Har yau abin yana raina."

"Tana bayan darni," in ji Dada. "Ta ce tun daga farko har aka shafa addu'a tana tsaye, tururuwa na cizonta ba ta motsa ba. Ta ce ko tuntuɓe ɗaya ba ka yi ba. Bayan kwana biyu ta taho Zandam a ƙasa, ba biki ba mutuwa, don kawai ta samu wanda za ta gaya wa. Farar hular saƙin da ka sa ranar, wa aka ce maka ya ba ka?"

"Kakata."

"Inna ce ta kaɗa zaren. A gidan Sarkin Noma ta ɓoye aikin, ni nake taya ta gurzar audugar. Akwai jan zare siriri a bakin hular, ta ciki, inda ba mai gani sai mai sawa."

Ya ɗago kai a karon farko. "Wa ya gaya miki akwai jan zare?"

"Ni na rina shi."

Na sha ganin Baba Malam a wurin mutuwa, har ta 'ya'yansa, ban taɓa ganin hawayensa ba. Ranar na gani, suna bin gemun nan mai lalle suna ɗiga a babbar riga. Bai share ba. A can rumfa Nuru yana ta kiran sunansa a lasifika, wai ya zo ya hau kujerarsa.

Da ya samu kansa sai ya yi magana da muryar da yake yanke hukunci a zaure. "To. Babu aure. Haramun ne." Sannan ya ƙara da wata ƙaramar murya da ban san shi da ita ba, "Me kuma ta ce?"

"Da yawa. Ba zai ƙare a barandar makaranta ba. Ka zo gida, kuma ba sai ka ƙirƙiro ciwon hannu ba. Har ɗakina za ka shiga, ba mai cewa kome." Ta miƙe tana kakkaɓe zane. "Atamfa dai na riga na ɗinka, ba zan mayar ba. Yaya ne ya yi wa ƙanwarsa."

Ya koma rumfa da sandarsa, ya hau kujerar kushin ta uku, aka rataya masa abin karramawa a wuya. Ya sa Maikuɗi ya gaishe shi a gaban jama'a, sannan ya ce shi ma ya miƙo masa butar nan.

Bayan sati biyu sai ga Maikuɗi a Birnin Kudu a bayan babur. Ashe ya aika gidan Dada da gaske, ta ce ita yanzu tana da babba, a je a same shi. Ya cire takalmi tun daga waje, ya durƙusa a zaure gwiwoyinsa na ƙara, ya faɗi abin da ya kawo shi. Baba Malam ya saurara yana jan carbi, ya ce za a yi bincike a kan halinsa, ya je ya dawo bayan salla, don auren yaro ba a gaggawa da shi. Salla biyu ke nan an yi, har yanzu ana bincike.

Yanzu duk Alhamis muna Zandam. Ni nake zama a tsakar gida ina taya jikokinta tsinkar zogale, su kuma suna ɗaki, ƙofa a buɗe, ina jin muryarsa yana cewa, "Sai ta ce me?" Labaran ba su da yawan da Dada ta ce. Tun tuni ta zagayo farko, na bayan darnin nan na ji shi ya fi a ƙirga, shi kuma kullum kamar yau ya soma ji. Shekarunsa sun koma yadda suke, har ya ɗan ƙara biyu a kai.

Makon da ya wuce, muna shirin tafiya, ya tsaya a bakin ƙofa yana neman takalmi da ƙafa. Ya ce, "Kubra, tsakaninki da Allah, a duk hirar nan, ta taɓa faɗin sunana? Ko da kuskure?"

Na yi ta yi wa Dada alama da ido ta ce e, me zai ragu? Ba ta ko dube ni ba.

"Ko sau ɗaya, Yaya. Da ta faɗa, ai da tun ranar da na ja hannunka na gane ka."

Sai ya yi 'yar dariya, ya share ido da bakin rawani.

"Haka take," in ji shi. "Ita ce."

Ya sa takalmi, ya miƙo mini hannun da aka ɗora, muka fita neman babur.